Lissafi ya tare mini hanyar jami'a, in haƙura in rungumi rubutu?

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Shekaruna 19, ina gaban iyayena a Jihar Katsina. Ajin kimiyya na yi a sakandare saboda burin Baba shi ne in karanci aikin jinya. A WAEC na samu E8 a lissafi. Yayana ya sake biya mini NECO ta 'yan waje, na samu D7. Turanci da Hausa da Addinin Musulunci da bayoloji duk na ci da kyau, fiziks da kemistiri kuwa da ƙyar na tsira da C6. A JAMB na samu 214, amma lissafin nan ya hana a ba ni gurbi. Da na ga lambobi sai kaina ya ɗau zafi, har na fara yarda ni daƙiƙiya ce.

Abin da na iya shi ne rubutu. Tun ina aji biyu a ƙaramar sakandare nake rubuta labari a bayan littafin makaranta. Yanzu na gama littafi uku a WhatsApp, biyu kyauta, na ukun na kuɗi. Wata huɗu na yi ina rubuta shi, na sa masa naira 500, mutum 60 suka biya kafin wata mata ta fitar da shi ya bazu a zauruka. Duk da haka ban taɓa jin daɗi kamar ranar da masu karatu suka ce labarina ya sa su kuka ba.

Baba ya ce sai na sake zama, wani abokinsa ma ya ba shi shawarar a kai ni irin cibiyar nan da ake "taimaka wa" ɗalibai. Bai san ina rubutu ba, kuma ba ya ƙaunar littattafan Hausa, ya ce su suke lalata yara. Umma ta ce in boko ya ƙi, aure ya fi zaman gida. Yaya kuwa tun da sakamako ya fito gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. An ce taura biyu ba ta taunuwa. In haƙura da jami'a in rungumi rubutu, ko in ci gaba da wahalar da kaina da wahalar da su?

Ƙanwarki daga Jihar Katsina

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki a tsanake, kuma abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne yarinyar da ta kai littafi uku ƙarshe kafin ta cika shekara 20 ita ce take kiran kanta daƙiƙiya. Masu fara labari suna da yawa, masu gama shi kaɗan ne, domin gamawa sai da naci da tsari da riƙe zaren magana wata da watanni. Wannan suna ba naki ba ne, ki daina amsa shi. Faɗuwa sau biyu kuwa akwai ciwo, balle da kuɗin ɗan'uwa aka biya, kuma kullum kina ganin fuskarsa a tsakar gida. Ba zan ce miki ba komai ba ne.

Sai dai akwai tambayar da nake so ki yi wa kanki tsakaninki da Allah. Da a ce gobe za a miƙo miki sakamako da C4 a lissafi, a kuma ce ki zaɓi duk kwas ɗin da ranki yake so, za ki ce ba kya zuwa jami'a? In kin san da gudu za ki tafi, to ba son rubutu ne yake janye ki daga karatu ba, tsoron sake shiga ɗakin jarrabawa ne. Abin da ya sa na fi karkata ga haka, duk tsawon wasiƙarki ba inda kika ce karatu ba shi da amfani, ko ba kya sha'awarsa. Gajiya kika nuna, da kunya, da nauyin mutanen gida. Duk wanda ya faɗi sau biyu zai ji tsoron na uku, amma hukuncin da zai bi ki shekara talatin ko arba'in bai kamata a bar wa tsoro ya yanke shi ba.

A wasiƙarki jami'a da aikin jinya da lissafi sun cure wuri ɗaya, har kina ganin in kin ƙi ɗaya kin ƙi duka. Aikin jinya kam ba ya shiguwa sai da kiredit a lissafi, tare da Turanci da fiziks da kemistiri da bayoloji, kuma lissafin ba a bakin ƙofa yake tsayawa ba. Ma'aikaciyar jinya kullum cikin awo take: nawa za a ba yaro mai nauyi kaza daga wannan magani, ɗigo nawa ruwan da aka ɗaura wa majiyyaci zai riƙa yi a minti ɗaya. Kuskure a nan rai ake magana. Wadda ba ta son aikin, lamba kuma tana firgita ta, in an tura ta can ba a yi mata gata ba, ba a yi wa marasa lafiya ba. Wannan magana ce da ya kamata ta kai kunnen Baba, zan zo kan yadda za a kai ta.

Jami'a kuwa ta fi aikin jinya faɗi nesa ba kusa ba. A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da sabbin sharuɗɗan shiga manyan makarantu, ta ce kiredit a lissafi dole ne ga masu neman fannin kimiyya da na ƙere-ƙere da na kimiyyar zamantakewa, amma ba dole ba ne ga masu neman fannin harsuna da adabi da danginsu. Abin da ake nema a wurinsu shi ne kiredit biyar a darussan da suka dace da kwas ɗin, har da Turanci, a zaman da bai wuce biyu ba. Daga baya ma'aikatar ta yi ƙarin bayani cewa ba a cire lissafi daga jarrabawar kammala sakandare ba, kowa sai ya rubuta shi. Wannan labari ne mai daɗi gare ki, amma kada ki ɗauke shi ki zauna. Kowace jami'a tana da nata ƙarin sharuɗɗa, kuma kwas irin na aikin jarida a wurare da dama a ɓangaren kimiyyar zamantakewa yake, ko a tsangayarsa ta kansa, inda za a iya neman lissafin. Ki buɗe kundin sharuɗɗan JAMB na shekarar da za ki nema, ki duba kwas-kwas, makaranta-makaranta, sannan Yaya ko wani babba ya raka ki ofishin ɗaukar ɗalibai ku ji daga bakinsu. Jita-jitar zauren WhatsApp ba ta isa a ɗora rayuwa a kanta ba.

Digiri a harshen Hausa akwai shi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa nan kusa da ku, akwai a Bayero ta Kano, da Ahmadu Bello ta Zariya, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Haka Turanci da adabinsa, da tarihi, da Larabci, da nazarin addini. A JAMB darasi huɗu ake yi, Turanci dole, sauran ukun kwas ɗin da aka zaɓa ke tsara su, kuma mai neman Hausa ko Turanci ba ta rubuta lissafi a can. Makin JAMB na shekara ɗaya ne, don haka 214 ɗinki ya wuce, sai an sake. Amma ki lura, da darussan da ba kya so kika samo shi. Ina da kyakkyawan zaton abin da za ki kawo da Hausa da adabi da Addini.

Ga inda gizo ke saƙar, kuma nan ne na fi so ki nutsu. Da yake ajin kimiyya kika yi, da wuya a ce kina da adabin Turanci ko gwamnati ko tarihi a sakamakonki, alhali mai neman digirin Turanci ko lauya sai da adabin Turanci, sauran kwasa-kwasan ma suna son a ga darussan fanninsu. Saboda haka shawarata ita ce ki amsa wa Baba cewa za ki sake zama, amma a sauya darussan. A yi miki rajistar WAEC ko NECO ta 'yan waje da Turanci, Hausa, adabin Turanci, gwamnati ko tarihi, Addinin Musulunci, ilimin zama ɗan ƙasa, da lissafi. Tunda sakamako biyu kaɗai ake yarda a haɗa, ki yi nufin wannan sabon ya tsaya da ƙafarsa ko ba a jingina shi da tsohon ba. Kin ga abin da ya sauya? A da, jarrabawar gaba ɗaya a wuyan lissafi take rataye, in ya faɗi komai ya faɗi, shi ya sa kike shiga hannunki na rawa. Yanzu ko bai zo ba kina da ƙofa a buɗe. Mutum ya fi yin tunani da kyau in ya san ba wuƙa a wuyansa.

Duk da haka ina so ki ci lissafin nan, ba don Baba kaɗai ba. Daga E8 kin hau D7, kuma tsakanin D7 da C6 taki ɗaya ne. Kiredit ɗin zai buɗe miki aikin jarida in shi kika fi so, zai yi amfani ranar neman aiki, kuma sharuɗɗan gwamnati abu ne da wani minista kan zo ya sauya. Gara ki riƙe abinki a hannu.

Akwai mutanen da wahalarsu da lamba halitta ce, ko karanta agogo da ƙirga canji yana ba su wuya tun suna yara, irinsu suna buƙatar malamin da ya san koyar da masu buƙata ta musamman. Ke kuwa kin ci fiziks da kemistiri, ko da C6 ne, kuma ba a cin su sai an taɓa lissafi. Kin riƙe sunayen mutum 60 da wanda ya biya da wanda bai biya ba. Alamu sun fi nuna cewa giɓi aka bar miki a baya. Lissafi gini ne, in tubalin ƙasa ya goce duk abin da aka ɗora sama sai ya karkace. Yara da yawa a aji huɗu ko biyar na firamare aka wuce su, wurin raba lamba gida-gida, ko wurin lambobin da ke ƙasa da sifili a ƙaramar sakandare, a aji mai cunkoso, da Turancin da ba su gama ji ba, da bulala a hannun malam. Daga nan sai a yi ta tafiya da su ana ƙara sabo a kan abin da bai zauna ba. Sake karanta littafin aji shida na sakandare sau goma ba zai gyara wannan ba, shi ya sa zama na biyu bai yi nisa da na farko ba.

Ki nemi mutum ɗaya mai haƙuri, ɗalibar kwalejin ilimi ko malamar unguwa, wadda za ta yi miki bayani da Hausa kuma ba za ta yi miki dariya ba in kin tambayi abin 'yan firamare. Ku ɗauko littafin lissafi na aji ɗaya na ƙaramar sakandare ku fara daga shafin farko, duk inda kika tsaya cak, nan ne ciwon yake. Sa'a ɗaya kullum da safe, da biro da takarda, ta fi yini guda ranar Asabar, domin lissafi da hannu ake koyonsa, kallon wani yana yi ba ya zaunar da shi. Bayan wata biyu sai ku koma tambayoyin shekarun baya. A lissafin WAEC akwai takardar zaɓi mai tambaya 50, akwai ta rubutu, kuma a ta rubutun ana ba da maki a kan matakan da aka bi, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba. Wanda ya rubuta hanya daidai ya kuskure a ƙarshe yana tsira da wani abu, wanda ya bar fili ba ya samun komai. Ba A1 kike nema ba, wajen rabin maki kike nema. Ki ƙware a sassan da suke dawowa kusan kowace shekara kuma suke kusa da rayuwa, irin su kaso cikin ɗari, riba da faɗuwa, rabo, ƙididdiga da zanen jadawalinta, da awon fili, ki bar masu wuyar su zo daga baya. Hukumar WAEC tana sa rahoton manyan masu duba jarrabawa a shafinta na intanet, inda suke faɗin kurakuran da ɗalibai suka fi yi, ki sa malamar ta duba miki shi.

Maganar cibiyar "taimako" kuwa, ki ce a'a, cikin ladabi amma ba tare da kwana-kwana ba. Satar amsa ce, haramun ce, laifi ce a dokar ƙasa, kuma hukumomin jarrabawa suna riƙe sakamakon cibiya sukutum ko su soke shi, kuɗi da shekara su tafi tare. Ko an tsira, takardar za ta kai ki ajin da ba za ki iya zama ba. Ina kyautata zaton Baba ma tausayinki ne ya sa ya saurari abokin nasa, ba don abin ya kwanta masa ba.

Yanzu mu zo kan rubutu a matsayin abin dogaro, mu yi lissafin da ke kanki kika ba ni. Mutum 60 a naira 500, naira 30,000 ke nan. A raba wata huɗu, 7,500 a wata, ba a cire kuɗin data da cajin waya ba. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, shi ma masu karɓarsa kuka suke yi. Ban kawo wannan don in karya miki gwiwa ba. Mutum 60 su ciro kuɗinsu a wannan zamani su ba yarinyar da ba su taɓa gani ba, shaida ce babba cewa alƙalaminki yana da ja. Amma shaida daban, abin cefane daban. Kin kuma ɗanɗana babbar cutar kasuwar da kanki: mutum ɗaya ya fitar da littafi, ciniki ya mutu. Wasu ma sai su karanta shi a YouTube su ci kuɗin talla, marubuciya ba ta sani ba. Manhajojin sayar da littafi su ma ba su da tabbas, OkadaBooks da marubuta da yawa suka dogara da ita ta rufe a 2023. Akwai masu samu sosai a rubutun intanet, ban musa ba, amma shekaru suka yi suna tara masu karatu, kuma in kin bincika za ki tarar mafi yawansu suna da wani abin yi a gefe, ko koyarwa, ko kasuwanci, ko aikin ofis.

Haka abin yake tun asali. Abubakar Imam ya yi Kwalejin Katsina, malamin makaranta ne a nan jiharku lokacin da ya shiga gasar rubutu ta 1933, daga baya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Abubakar Adam Ibrahim aikin jarida ya karanta a Jami'ar Jos, yana aiki a Daily Trust ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG ta dala 100,000 a 2016. Za ki ce ai Balaraba Ramat Yakubu ba ta yi jami'a ba kafin ta yi suna, kuma gaskiya ne. Amma ita cire ta aka yi daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, ba ita ta zaɓa ba, kuma da ta samu sarari ajin ilimin manya ta koma da ƙafarta. Labarinta hujja ce a kan cewa rashin digiri ba ya kashe baiwa. Ba hujja ba ce ga wadda ake roƙo ta je makaranta ta ce ta yafe.

Jami'a ba za ta mayar da ke marubuciya ba, wannan kin riga kin zama. Tana da nata ciwon kai: cunkoso, tsadar rayuwa, malaman da wasunsu hadda kawai suke so, da yajin aiki irin na 2022 da ya cinye wata takwas. Masu digiri da ke zaune ba aiki ma kin san su a unguwarku. Abin da za ta ba ki shi ne karatun da ba za ki ɗauko da kanki ba. Marubuciyar da littattafan zaure kaɗai take karantawa, ko ba ta so sai labarinta ya yi kama da nasu: attajiri mai girman kai, yarinya 'yar talakawa, kishiya muguwa. A sashen Hausa za a sa ki zauna da rubutattun waƙoƙin ƙarni na 19, da waƙoƙin baka, da tatsuniya, da tarihin garuruwa, da ƙa'idojin rubutu waɗanda yawancin masu rubutun intanet ba su kiyaye ba. Za ki haɗu da wanda zai karanta aikinki ya ce nan bai yi ba, abin da masoya ba sa faɗa. Za ki zauna ɗaki ɗaya da 'yar wani gari da wani yare da wani addini, ki ji yadda suke magana, wanda shi ne jarin mai ƙaga labari. Sannan takardar tana kai mutum ga ayyukan da alƙalami ne kayan aikinsu: koyarwa, fassara, gyaran rubutu, gidajen rediyo da talabijin da jaridu, rubuta wasan kwaikwayo mai dogon zango. Mai albashi tana iya yin shekara tana gyara littafi ɗaya har ya nuna. Wadda cefanenta ke jiran shafin gobe dole ta rubuta abin da zaure ke so, ko ranta bai so ba.

Baba fa ba abokin gabarki ba ne. Uban da ya dage 'yarsa ta yi karatu mai zurfi a inda wasu ke cire nasu, abin godiya ne. Ya zaɓi aikin jinya ne don yana ganin aiki ne mai mutunci, ana samunsa, mace tana riƙe kanta da shi ko bayan ransa. Tsoronsa game da littattafan Hausa ma ba daga sama ya faɗo ba, ke ma kin san irin ƙazantar da ake zubawa a wasu zaurukan da sunan labari. Don haka kada ki tare shi da "ni marubuciya nake so in zama", abin da zai ji shi ne kin bar karatu kin kama shiririta. Ki fara da Yaya ko wani kawu ko gwaggo da Baba yake jin nauyinsa. Ku je da takarda a rubuce: ga kwas, ga makarantu, ga sharuɗɗansu, ga ayyukan da ake samu da shi, ga lokacin rajista, ga kuɗin. Ki ce, "Baba, na yarda zan sake zama, kuma zan yi lissafin da gaske. Alfarmar da nake nema a bar ni in nemi fannin da Allah ya ba ni." In nauyin kuɗi ya taso, ku ambaci asusun lamunin karatu na NELFUND da ya fara aiki a 2024, na ɗaliban makarantun gwamnati ne, ba ruwa a cikinsa, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara biya.

Ɓoye masa rubutun kuwa ba zai ɗore ba, kuma ya ji daga bakinki ya fi ya ji a bakin wani. Ki zaɓi gajeren labari ɗaya mai tsabta wanda ba za ki ji kunya a karanta a gabanki ba, ki buga shi a takarda, ki ba Umma ko Yaya su fara gani, sannan ya isa gare shi. Gani ya kori ji. In kuma akwai abin da kika rubuta da ba za ki so ya gani ba, to wannan ma abin dubawa ne tsakaninki da kanki.

Umma tsoron zaman banza take yi da bakin mutane, kuma maganinsa ta ga ranarki a tsare: lokacin darasi, lokacin aikin gida, lokacin rubutu. Aure alheri ne in lokacinsa ya yi da wanda ya dace, amma kada ki shige shi don gudun jarrabawa. In manemi ya fito kina so, a yi maganar karatunki da rubutunki a gaban manya tun kafin a sa rana, kada a bar shi a alkawarin zance. Shi kuwa Yaya, ina jin ba kuɗin ne suka fi cin ransa ba, gani yake kamar ba ki damu ba, wataƙila yana ganinki da waya a hannu dare da rana. Ki same shi ku biyu, ki gode masa, ki ce kin san abin da ya kashe, ki nuna masa shirinki. In za ki iya sa ko naira 5,000 daga kuɗin littafinki a cikin kuɗin rajista, ki sa. Ba yawansu ba ne, abin da za su faɗa masa ne.

In jami'a ba ta samu a zagayen farko ba, kada shekara ta sake wucewa kina gida. Kwalejojin ilimi irin ta tarayya da ke Katsina da ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma suna ba da takardar shaidar malanta ta NCE, inda ake haɗa darasi biyu kamar Hausa da Turanci, shekara uku, daga nan a shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Akwai difloma a kwalejin kimiyya da fasaha, akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta ƙasa ga wadda zama a makaranta bai yiwu mata ba. In kuma Baba ya kafe a kan jinya, kada ki yi fito-na-fito da shi. Ki roƙi a yi jarrabawar tukuna da darussan da za su bar ƙofofin biyu a buɗe, ki yi istihara, a bar sakamako da masu faɗa masa ya ji su yi aikinsu.

Maganar taura biyu gaskiya ce a watanni uku na dab da jarrabawa. A wannan lokacin ki sanar da masu karatunki kin tafi hutu, kada ki fara dogon littafin da za a riƙa bin ki bashin shafi kullum dare. Kafin nan da bayan nan, rubutu yana da wurinsa: rabin sa'a ko sa'a ɗaya bayan kin sauke darasin ranar. Ki karkata ga gajeren labari a bana, domin yana koyar da tsimin kalma, kuma shi ake shiga gasa da shi. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta mata ce zalla, ki sa ido a kan sanarwarta ki karanta sharuɗɗan da kyau. Ki nemi reshen Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, na jiharku, ko wata ƙungiyar marubuta mai manya a ciki, da sanin iyayenki. Littattafanki uku kuma ki adana su a imel ko a kwamfuta da sunanki da kwanan wata, kada su zauna a waya ɗaya da za ta iya faɗawa ruwa.

A wannan makon ki ɗauko sakamakonki biyu ki jera su, ki rubuta darussan da kike da kiredit a kowanne, ki gwada su da sharuɗɗan kwas uku da kike so. Ki sake rubuto mini da abin da kika gani da yadda kuka yi da Yaya, sai mu duba darussan da za a yi miki rajista da su kafin a biya ko sisi. Allah ya yi miki jagora, ya sanyaya zuciyar iyayenki a kanki.